Kwaɗi a Kan Kwalta: Ɓarnar Farkon Damina a Hanyoyin Kagarko

Da zarar ruwan farko mai ƙarfi ya sauka a ƙasar Kagarko, wajajen watan Afrilu, kwaɗi kan fito da daddare su nufi fadamu da kududdufai domin yin ƙwai. Duk inda titi ya ratsa tsakanin maɓoyarsu da ruwan, dole su tsallaka shi, kuma da yawansu a nan tafiyar ke ƙarewa. Mai sammako a hanyar Jere zuwa Kagarko, ko babban titin Abuja zuwa Kaduna ta wajen Tafa, kan tarar da su a malkwaɗe kan kwalta, ba wanda ya damu ya waiwaya.

Har yau akwai masu rantsuwa cewa daga sama kwaɗin nan ke faɗowa tare da ruwa, tunda jiya babu su, yau ga su ko'ina. Ba haka ba ne. Suna nan duk tsawon rani, a cikin ramuka, ƙarƙashin duwatsu, gindin tsofaffin surin gara da tsagar busasshen taɓo, sun rage motsi da numfashi don kada jikinsu ya bushe. Fatar kwaɗo ba ta riƙe ruwa kamar ta ƙadangare, shi ya sa ba ya iya doguwar tafiya sai cikin danshi da duhu. Ruwan farko ne ke tashe su kusan lokaci guda, mazan su riga isa bakin ruwa su kama kukan nan da ke hana mutanen gefen fadama barci, matan su biyo kukan. Ƙananan da ake gani birjik bayan wasu makonni kuwa 'ya'yan bana ne da suka zubar da wutsiya suka baro ruwa.

Kuskuren da ya fi wannan illa shi ne zaton cewa abin da ya yi yawa haka ba zai taɓa ƙarewa ba. Gaskiya ne macen kwaɗo na zuba ƙwai dubbai a jere kamar zare, amma mafi yawansu ba sa kai labari: kifi da ƙwarin ruwa su cinye wasu, kududdufi ya ƙafe da wasu. Kaɗan ne ke girma har su kai ga haihuwa, kuma waɗannan kaɗan ɗin su ne ke kan titi a daren ruwan farko, matan cikinsu ɗauke da ƙwai. Manomin citta ya san bambancin asarar buhu goma daga cikin amfanin da ya haƙa da asarar buhu ɗaya na irin da ya ɓoye don shuka. Waɗanda suka ga yadda cutar citta ta 2023 ta bar kudancin Kaduna cikin ƙarancin iri ba sa bukatar dogon bayani. Motar da ta taka macen kwaɗo a Afrilu iri ta taka. Ba a ganin giɓin a shekarar, sai an ɗauki shekaru wani dattijo ya lura cewa fadamar bayan gari ta yi shiru.

An auna wannan a wasu ƙasashe. Wani bincike da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kwaɗon da ya fi yawa a Birtaniya ya ragu da kashi 68 cikin ɗari a shekara 30. Babban nazarin duniya na 2023, wanda ya duba nau'i sama da 8,000 na kwaɗi da danginsu, ya gano cewa kusan kashi 41 cikin ɗari na fuskantar barazanar ƙarewa.

Alƙaluman Birtaniyar nan daga hannun 'yan sa-kai suka fito. A ƙarƙashin ƙungiyar Froglife, mazauna unguwanni kan fita da bokiti da tocila a daren Fabrairu da Maris, su tsince kwaɗi daga gefen titi su kai su ɗaya gefen, suna rubuta adadin. Ƙa'idar ita ce a kai dabbar inda ta fuskanta, domin kwaɗon Turai na komawa tafkin da ya saba, in an mayar da shi baya zai sake hawa titin. A birnin Bath akwai wata 'yar hanya, Charlcombe Lane, da ake rufewa mako shida kowace shekara tun 2003 saboda wannan. A Jamus ana kafa gajeren shinge na leda a gefen hanya, a binne bokitai a jikinsa, kwaɗi su bi shingen su faɗa ciki, da safe a tsallakar da su. Ana kuma roƙon direbobi kada su wuce gudun kilomita 30 a awa a irin wuraren. Ba Turawa kaɗai ba: a Cape Town ta Afirka ta Kudu mazauna unguwanni na yin sintirin dare wajajen watan Agusta don wani kwaɗo mai zane irin na damisa da ke gab da ƙarewa.

Idan labarin ya iso majalisar shayi, dariya ake yi, a ce abin na waɗanda suka ƙoshi ne. Sai dai kwaɗo ma'aikacin gona ne da ba a biya. Gara, tururuwa, gyare da ƙananan buzuzu su ne abincinsa, kuma 'ya'yan burduddugi a cikin ruwa har tsutsar sauro suke ci. A Kosta Rika da Fanama, masu bincike sun danganta ƙaruwar zazzaɓin cizon sauro da shekarun da wata cuta ta kashe kwaɗin yankin. Ga Musulmi ma maganar ba baƙuwa ba ce, tunda Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya hana wani mai magani kashe kwaɗo.

Kwaikwayon Turai kai tsaye ba zai yiwu a Kagarko ba. Babu mai hankalin da zai tura matasa babban titin Abuja da tsakar dare da bokiti, ga tireloli, ga matsalar tsaron da yankin ya sha fama da ita. Abin da ke hannun jama'a ya fi haka sauƙi. Matasan da ke aikin gayya na yashe kwata kafin damina za su iya haɗawa da buɗe kwalbatocin da shara da yashi suka toshe, domin kwalbati mai bi ita ce hanyar ƙarƙashin ƙasa da wasu ƙasashe ke kashe kuɗi su gina wa kwaɗi. Kwata mai zurfi da miƙaƙƙen bangon siminti tarko ce, abin da ya faɗa ba ya fita. Katako ɗaya da aka jingina a ciki ya isa tsani. A hanyoyin cikin gari da ke gefen kududdufi, ɗan acaɓa da ya sassauta a daren ruwan farko ya yi rabin aikin. Wanda ya ɗauki kwaɗo da hannu ya wanke hannun kafin ya taɓa ido ko baki, saboda ƙullutun bayan idon kwaɗon na fitar da farin ruwa mai dafi.

Titi ma ba shi kaɗai ke cin su ba. Wanke tankin feshin maganin ciyawa a kududdufi na iya kashe 'ya'yan kwaɗin bana gaba ɗaya, kuma ana kama burduddugi da yawa a arewa, a busar, a kai kasuwannin kudu maso yamma.

Saura hukuma. Tun 1992 Najeriya ke da dokar da ta wajabta auna illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su, har da tituna. Sanya kwalbati daidai inda hanya ta ratsa fadama, da karkata bangon kwata kaɗan, ba sa ƙara wani abin kirki a kuɗin kwangila idan tun a zane aka yi su. Ya kamata ƙaramar hukumar Kagarko da sarakunan yankin su riƙa tambayar wannan duk lokacin da injiniyoyi suka zo awon sabuwar hanya.