Haƙƙinku a asibiti: abin da ya kamata mutanen Agyaragu su sani

Agyaragu, da ke kan hanyar Lafiya zuwa Makurdi, gari ne da doya ta tara wa jama'a. Migili da Eggon da Alago da Hausawa da Fulani da Tibi duk kasuwa ɗaya suke ci. To amma idan ciwo ya zo, ba kowa ke isa gaban malamin asibiti da sauƙi ba. Mai ciki da ke ƙauye, wadda sai an goyo ta a babur cikin taɓon damina, ba ɗaya take da ta bakin titi ba. Adalci a harkar lafiya shi ne kowa ya sami kulawa gwargwadon buƙatarsa, ko da ba shi da kuɗi, ko da ba ya jin yaren ma'aikaci, ko da bai san kowa ba.

Wariya ba kullum take zuwa da zagi ba. Wani lokaci kallo ne. Mace ta zo awo daga ruga, ba ta jin Turanci, Hausarta ma ba ta nuna ba, sai a daka mata tsawa a gaban mutane. Ta naɗe katinta a bakin zane ta tafi, wata mai zuwa ba za a gan ta ba, haihuwa kuma sai a gida. Jaririnta ya rasa allurar ciwon hanta da ake so a yi masa cikin awa 24 da haihuwa, alhali kyauta ce. Haka mai ɗauke da cutar ƙanjamau: idan ya ji an ambaci ciwonsa da ƙarfi a layin karɓar magani, sai ya daina zuwa. Mai tarin fuka kuwa ya koma sayen maganin tari a kyamis, yana ta shafa wa iyalinsa, ga shi maganin cutar kyauta ake bayarwa. Wulaƙancin da aka yi wa mutum ɗaya, unguwa guda ke ɗaukar nauyinsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne doka na bayansu. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan ƙasa bambanci saboda ƙabila ko addini ko jinsi ko asali. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ƙin duba wanda aka kawo cikin halin gaggawa bisa kowane dalili. Wanda ya saɓa zai iya fuskantar tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. A shekarar ta 2014 aka yi dokar da ta hana tona asirin mai ƙanjamau ba da yardarsa ba, ta kuma hana a ƙi yi masa magani. Dokar kare masu buƙata ta musamman, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ce a fara sallamarsu idan ana layi.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce babban shinge. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun jama'a yake fitowa. Manomi kan sayar da doyar da ya ajiye don iri saboda kuɗin magani. Shi ya sa Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, da ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, don ƙananan asibitocin mazaɓu. Dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusun marasa galihu. A nan Jihar Nasarawa, hukumar NASHIA ce ke rajistar inshorar lafiya ta jiha.

Saboda haka ku je ƙaramin asibitin mazaɓarku ku tambaya ko yana cikin shirin asusun kula da lafiya a matakin farko, da yadda ake rajistar masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da tsofaffi. Idan ba ku gane bayani ba, ku nemi a maimaita da yaren da kuke ji. Ku karɓi rasit a kan duk kuɗin da kuka biya. Idan an wulaƙanta ku, ku kai kuka wurin shugaban asibitin, ko kwamitin raya mazaɓa, ko mai unguwa.

Su ma ma'aikatan lafiya suna fama da ƙarancin hannu da kayan aiki, kuma wajibi ne hukuma ta share musu hawaye. Amma sakin fuska da rufin asiri ba sa jiran kasafin kuɗi. Duk wanda ya shigo da ciwo, ɗan gari ne ko baƙo, haƙƙinsa ne a duba shi cikin mutunci.