GARGAƊI: Wanda ɓarin jikinsa ya shanye, a duba masa zuciya kafin a sallame shi

Jama'a, a kula! Ba kowace shanyewar ɓarin jiki ce daga hawan jini take ba. Cikin waɗanda toshewar jijiya ta kayar, kusan ɗaya cikin huɗu daga zuciya cutar ta taso. Jini ke dunƙulewa a can, gudan ya ɓalle, ya bi jijiya har ƙwaƙwalwa ya toshe hanya.

Hoton ƙwaƙwalwa, CT ko MRI, yakan tona asirin inda gudan ya fito. Ɗan tabo a can ciki, wanda bai kai milimita 15 ba, galibi aikin hawan jini ne ko ciwon suga. Amma idan tabon yana saman ƙwaƙwalwa, mai faɗi, ko aka ga tabo nan da can, dama da hagu, gaba da ƙeya, to zuciya ce abin zargi, domin ita kaɗai ke aika jini duk waɗannan wurare. Irin wannan farat ɗaya yake zuwa. Mutum na riƙe da kofin shayi, kofin ya suɓuce, baki ya karkace, ko ya riƙa zuba maganar da ba kai ba gindi. Sai a ce iska ce. Ba iska ba ce.

Wa ya fi shiga haɗari? Mai bugun zuciya barkatai, wanda haɗarinsa ya ninka kusan sau 5. Sai wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata masa ƙofar zuciya, da mai jegon da ke haki da kumburin ƙafa, ciwon da likitocin Zariya da Kano suka daɗe da saninsa.

Da an ga alama, a garzaya asibiti. Allurar narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake yin ta. Kada a ɗura wa mara lafiya ruwa ko kunu, zai iya shaƙewa. Kada a ba shi asfirin kafin hoto, don wataƙila jijiya ce ta fashe.

’Yan'uwa su tambayi likita: ina tabon yake? An yi ECG da hoton zuciya? Bugun barkatai kan zo ya tafi, gwaji ɗaya na iya kuskure shi, shi ya sa ake maƙala wa mara lafiya na'urar auna bugun zuciya ta awa 24 ko fiye. In zuciyar ce, galibi asfirin kaɗai bai isa ba, sai maganin tsinka jini irin warfarin, kuma ba a tsayar da shi sai da izinin likita.