Ƙwayar kullum ko allurar wata?

Kafin dangi su ɗauko mai jin muryoyi daga ƙauyukan Dakusa su kai shi babban asibitin Zinder, galibi an sha rubutu, an yi turare da ruƙiyya, wani ma ya kwana a mari. Idan likita ya tabbatar sikizofireniya ce, ciwon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2022 yana kama kusan mutum 1 cikin 300, magani kan zo ta hanya biyu: ƙwaya kullum, ko allura wata-wata.

Ƙwayar ita ce babba. A 1952 aka fara gwada Largactil a kan masu taɓin hankali a Paris, Haldol ya biyo baya a 1958. Tana da araha, kuma idan ta sanƙarar da wuya ko ta sa hannu rawa, likita na iya rage ta gobe-gobe. Sai dai kowace safiya sai an sake lallashi. Ciwon kansa yakan hana mai shi yarda ba shi da lafiya. Wanda ke zargin ana sa masa guba a tuwo, yaya zai karɓi ƙwaya daga hannun mai tuƙa tuwon? Wani ya ɓoye ta a kunci, a juya baya ya tofar. Ga azumi, ga noma, ga barcin da take sawa har hantsi. Kada a ce jahilcin ƙauye ne: a wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2005, kashi 74 cikin 100 sun bar maganin da aka ɗora su a kai kafin wata 18.

Allurar Haldol mai jimawa a jiki, sau ɗaya ake yin ta duk mako huɗu. Ta raba uwa da faɗan kullum, kuma ranar da aka fasa zuwa, takarda za ta nuna. Amma abin da ya shiga tsoka ba ya fitowa. Idan yawu ya fara dalala, sai a jure, a taimaka da ƙwayar Artane. Shi ya sa ake fara gwada mutum da ƙwaya. Kuɗin kabu-kabu zuwa asibiti duk wata da damina ma ba wasa ba ne, balle saurayin da ya tafi cirani.

A ganina allura ta fi dacewa da gidan da ke nesa da likita. Duk da haka, dukansu biyu kalma ɗaya ke kayar da su: “ya warke.” Muryoyi sun yi shiru, ya koma gona, sai kawu ya ce kuɗin maganin a sayi hatsi. Ba wanda ya zaunar da kawun ya bayyana masa cewa shirun aikin maganin ne, kuma yawancin masu dainawa ciwon kan dawo musu. In ya dawo, a ce iskar ce ta sake hawa, a koma wurin malam.