Cunkoso A Sama: Yadda Garkunan Taurari Ke Cinye Jarinsu Da Wuri

Duk wanda ya taɓa kwana a Tirmini a daren da babu farin wata, ya san yadda taurari ke cika sama, har a ga wani farin zane kamar hayaƙi ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan. To, wannan zanen shi ne garken taurarin da muke ciki, wanda masana ke kira galaksi. Taurarinsa sun haura miliyar 100, kuma ranarmu ɗaya ce daga cikinsu.

Irin waɗannan garkuna ba su ƙidayuwa. Wasu na zaune a keɓe kamar ruga a daji, wasu kuma sun cunkushe wuri ɗaya kamar rumfunan kasuwar Dole ta Damagaram ranar jajiberin salla. Tambayarmu ta yau ita ce, me cunkoso ke yi wa garke?

Kowane garke yana da jarinsa, wato iskar gas mai sanyi. Cikin ikon Allah, idan gajimarenta ya dunƙule sai sabon tauraro ya samu. Ran da gas ɗin ya ƙare, haihuwa ta tsaya ke nan.

A 1980 wani masani Ba'amurke, Alan Dressler, ya bincika manyan matattarai 55 na garkunan taurari. Ya gano cewa inda cunkoso ya fi yawa, galibin garkunan sun daina haihuwa, sai tsofaffin taurari jajaye, alhali na gefe da ke zaune a sarari suna ci gaba da samun sababbi. Tun a 1972 James Gunn da Richard Gott suka kawo dalili guda: tsakiyar matattara cike take da iska mai tsananin zafi, duk garken da ya kutsa da gudu sai ta kwashe masa gas. Uwar gida, ki ɗauko gari a faifai ba murfi, ki hau kabu-kabu cikin iskar hunturu, me zai rage kafin ki isa kasuwa?

Amma a farkon zamani labarin ya sha bamban. Ta yaya aka sani? Haske na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa, duk da haka idan wurin na da nisa sosai sai ya yi shekaru miliyoyi a hanya. Ke nan hangen nesa tamkar karanta tsohuwar wasiƙa ne, abin da muke gani ya daɗe da faruwa.

Masana sun ƙiyasta shekarun sararin samaniya da miliyar 13.8. A 2018, da na'urorin ALMA da ke hamadar Atakama ta ƙasar Chili, aka hango garkuna 14 a takure suna shirin haɗewa, a lokacin da sama ba ta wuce shekara miliyar 1.4 ba. An sa wa wurin suna SPT2349-56, kuma wasu daga cikinsu suna haifar taurari har ninki 1,000 na abin da garkenmu ke yi. A 2023 kuma madubin James Webb, wanda aka harba ranar 25 ga Disamba 2021, ya tabbatar da wasu garkuna 7 da suka soma taruwa shekara miliyan 650 kacal bayan farawar sama.

Wato dai wuraren da a yau suka koma unguwar tsofaffi, su ne jiya ake turereniya a cikinsu. Gas ya riƙa kwarara can da wuri, garkuna suna gogayya suna karo, karon ya matse gas ɗin, taurari suka yi ta ɓarkewa. Kowane ɗan kasuwa ya san wannan: rumfar da ke tsakiyar hada-hada ta riga kowa ciniki, amma idan babu sabon kaya a hanya, ita ke fara naɗe tabarma.

Ina ruwanmu da wannan? Garkenmu na zaune ne a wata ƙaramar unguwa marar hayaniya, babban maƙwabcinsa shi ne Andiromeda, wanda haskensa ke shekara miliyan 2.5 kafin ya iso mu. Har yanzu garkenmu na da sauran jari, yana samun 'yan taurari ƙalilan a shekara. Ranarmu ta samu ne shekara miliyar 4.6 da suka wuce, wato bayan sama ta yi wajen shekara miliyar 9. Da garkenmu ya cinye jarinsa tun farko, da babu gas ɗin da za ta samu daga gare shi. Lalle sannu ba ta hana zuwa.

Saboda haka idan sanyi ya shigo, bayan sallar isha'i, mu fito da yara mu dubi sama ta wajen arewa. A wuri mai duhu irin Tirmini ana iya ganin Andiromeda da ido, kamar ɗan tabon hazo. Mai yiwuwa cikin yaran nan akwai wanda gobe zai yi wa duniya bayanin abin da ya rage. Allah Ya ƙara mana sani mai amfani, amin.