Yadda yaƙi ke cin dazuzzuka: daga Falgore zuwa fadamun Ajingi

Idan ana lissafin asarar yaƙi, rayukan mutane da dukiyoyi ake ƙirgawa. Ba kasafai ake tunawa da itatuwa da namun daji da koguna ba, alhali su ma ɓarnar tana shafarsu, kuma daga ƙarshe kan mutane take komawa.

Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta wallafa a shekarar 2018 ya nuna cewa rikici ya shafi kashi 71 cikin ɗari na gandayen namun daji na Afirka tsakanin 1946 da 2010. A gandun Gorongosa na ƙasar Mozambik, yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 ya lashe fiye da kashi 90 cikin ɗari na manyan dabbobi.

Ba harsashi kaɗai ke yin wannan ɓarna ba. Da zarar masu ɗauke da makamai sun shiga daji, ma'aikatan gandu sukan janye, mayaƙa su riƙa harbin dabbobi don abinci, masu saran itace da yin gawayi kuma su samu sarari.

Dajin Sambisa na jihar Borno, wanda a da aka keɓe domin giwaye da jiminai da sauran namun daji, ya koma sansanin Boko Haram da fagen luguden wuta.

A jihar Kano kuwa, dajin Falgore, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 1,000, ya yi fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, abin da ya sa rundunar sojin Najeriya ta mayar da shi filin atisaye a 2017. Matakin dai na tsaro ne, amma ƙarar bindigogi da zirga-zirgar manyan motoci kan firgita dabbobi su bar mazauninsu.

To ina ruwan manomin Gaya ko Ajingi da dajin da ke can kudancin jihar? Amsar tana cikin kogi. Kogin Kano yana bi ta Falgore ya zuba a madatsar Tiga, ya haɗu da na Chalawa ya zama Kogin Hadeja, wanda ke ratsa Wudil ya nufi yankin Ajingi mai maƙwabtaka da Gaya.

Itatuwan daji ne ke riƙe ƙasa, su rage gudun ruwan sama. Idan aka sare su, yashi kan cike kogi da madatsa, ambaliya ta ƙaru da damina, ruwa ya yi ƙaranci da rani. Masu noman rani da masunta ne ke fara ji a jikinsu.

A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a sanya Falgore cikin sababbin gandayen ƙasa guda goma. Sai dai wannan matsayi ba zai yi tasiri ba, muddin ma'aikacin gandu ba zai iya shiga dajin ya fito lafiya ba.