Wayar Tarho Mara Igiya: A Duba Layi Kafin A Biya Kuɗi

Magidanci da yake zaune a Daɗin Kowa, a kan hanyar Jos zuwa Bukuru, idan ya yi niyyar sayen wayar tarho mara igiya mai kawuna da yawa, akwai tambayar da ta kamata ya fara yi wa kansa tun bai doshi kantunan titin Ahmadu Bello ba. Tambayar kuwa ita ce: da wane layi za a haɗa ta?

Irin wannan waya dai uwa ce da 'ya'yanta. Uwar ita ake haɗawa da layi da wutar lantarki, 'ya'yan kuma, waɗanda sukan kai shida a wasu samfuran Panasonic, a rarraba su ɗaki-ɗaki. Kira ɗaya idan ya shigo duk za su yi ƙara, sa'an nan maigida yana iya kiran sashen iyalinsa daga zaure ba tare da an caje shi ko kwabo ba. Ga gida mai yawan jama'a, ko mai tsoho wanda wayar hannu take ba shi wahala, wannan ba ƙaramin amfani ba ne.

To, amma an ƙera ta ne domin layin igiya irin na da. A cikin shekarar 1985 aka kafa kamfanin NITEL, bayan da aka haɗe sashen wayar tarho na P&T da kamfanin NET. Lambobin Jos a wancan zamani da 073 suke farawa, wanda ya samu layi kuwa maƙwabta sukan yi ta sintiri a gidansa domin amsa kira. Zuwa shekarar 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki, layukan ƙasar nan duka ba su kai rabin miliyan ba. Daga nan NITEL ta yi ta ja da baya har aka sayar da kadarorinta. Saboda haka wanda ya kwaso wannan waya ya zo gida yana neman inda zai jona ta a bango, sai dai ya ajiye ta ta zama abin ado.

Mafita biyu ce. Akwai ƙaramin akwati da ake sa wa katin sim, yana da kafar da ake jona wayar gida, watau ya maye gurbin igiyar. Akwai kuma samfurin da yake haɗuwa da wayar hannu ta Bluetooth. Illarsa ita ce da mai wayar ya fita kasuwa, gida ya yi shiru.

Abu na biyu, wanda ya fi cin kuɗin mutane, shi ne kayan gwanjo na Amurka. Wutarsu bolt 120 ce, tamu kuwa 230, kuma caja da yawa ba su ɗaukar duka biyun. Jonawa ɗaya sai hayaƙi. Har ila yau wadda aka rubuta wa DECT 6.0 tana aiki a kan zango 1920 zuwa 1930 megahaz, wanda a nan kamfanonin wayar hannu suke amfani da shi. Ta Turai, mai zango 1880 zuwa 1900, ita ta fi dacewa.

Kada kuma a ruɗu da nisan da aka rubuta a jikin kwali. Mita 300 ɗin nan a fili ne. A cikin gida wajen mita 50 ne, katangar bulo kuma tana ƙara rage shi. Gara a kafa uwar a tsakiyar gida.

Batun wuta ma abin lura ne, domin da an ɗauke ta uwar ta mutu, ko da 'ya'yan cike suke da caji, sai fa in tana da batir nata ko an haɗa ta da inbata. Batiran 'ya'yan kuwa, a zaɓi masu cin ƙananan nan na AAA da ake cajawa, domin ana samun su a Taminus ba wuya. A kuma sa mai kanti ya gwada kowane kai a gaban mai saye kafin a ƙirga masa kuɗi.