Su Wa Ke Zama A Teburin Zaɓe?

Duk ranar da aka ce zaɓe ya zo, azuzuwan da muke koyar da yara a nan Atrone da sauran unguwannin Njamena sukan zama rumfunan jefa ƙuri'a. Tun zaɓen shugaban ƙasa na watan Yuni 1996, wanda shi ne na farko da jam'iyyu da yawa suka shiga a Cadi, jama'a kan damu da wanda za su zaɓa, amma ba kasafai ake tambayar su wa ke tsaron akwatin ba. Alhali kuwa a hannunsu amanar take.

Mutane iri uku ne ke da hurumin zama a rumfa. Na farko su ne ma'aikatan hukumar zaɓe, wato shugaban rumfa da sakatare da mataimakansu, masu duba suna, su sa tawada a yatsa, su ƙidaya ƙuri'u. Na biyu wakilan 'yan takara. Na uku 'yan sa-ido, waɗanda sai hukuma ta ba su takardar izini. Hikimar wannan tsari ita ce kowa ya zama idon ɗan'uwansa.

Yarjejeniyar siyasa ta 13 ga Agusta 2007 ta raba kujerun hukumar CENI daidai wa daida, 15 na masu mulki, 15 na 'yan adawa, da shugaba guda. A 2024 aka kafa sabuwar hukuma, ANGE, a ƙarƙashin Ahmed Bartchiret, ba bisa wancan rabo ba.

A zaɓen 6 ga Mayu 2024, hukumar ta hana ɗaukar hoton takardar sakamakon rumfa, sa'an nan Tarayyar Turai ta koka cewa ba a ba 'yan sa-ido na ƙungiyoyin farar hula su 2,900 izini ba. Aka bayyana Mahamat Idriss Déby ya sami kashi 61 cikin ɗari, Succès Masra ya ce bai yarda ba, jam'iyyarsa kuma ta ƙaurace wa zaɓen 'yan majalisa na 29 ga Disamba.

Mu malamai mun san abu guda: idan muka gyara jarrabawa muka hana yaro ganin takardarsa, ko da makin gaskiya ne uban ba zai yarda ba. To, haka zaɓe yake. Wanda ya faɗi ba ya haƙura sai ya ga lissafi da idonsa, wanda ya ci kuma shi ma yana bukatar shaidu.

Saboda haka muna roƙon mahukunta da a horar da ma'aikatan rumfa tun da wuri, a ba kowane wakili kwafin sakamako, a kuma liƙa shi a ƙofar aji. Jama'ar Atrone kuwa, in an rufe akwati kada mu watse, mu tsaya a ƙidaya a gabanmu. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.